Wa Ke Zana Mu? Taswira da Zanen Alƙaluma Daga Dutsen Habude Zuwa Wayar Hannu

A jikin katangun gidaje a Kangire, da Kantoga, da Sundimina, da duk ƙauyen da masu ɗigon shan inna suka taɓa ratsawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, akwai wani rubutun alli da ido ya saba da shi har ya daina lura da shi. 'Yan lambobi ne da haruffa: ranar da aka zo, lambar ayarin da ya zo, yara nawa ne a gidan, nawa aka ɗiga wa, wani lokaci da kibiya mai nuna inda ayarin ya nufa daga nan. Mai duba aiki idan ya biyo baya ba sai ya yi sallama gida-gida ba. Tafiya kawai zai yi yana kallon bango, kafin ya kai ƙarshen layi ya san gidan da aka tsallake da gidan da za a koma. Unguwa guda ta zama allo, kowane gida ya zama gurbi a cikin jadawali.

Wannan reshe ne na wata tsohuwar sana'a, sana'ar mayar da ƙidaya da nisa da yawa su zama abin da ido zai kama a kallo ɗaya. Taswira, jadawali, zanen sanduna, zanen layi mai hawa da sauka, duk 'yan gida ɗaya ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma nan ƙarfin sana'ar yake, nan kuma hatsarinta yake, domin mutum yakan yi gardama da magana amma da wuya ya yi gardama da hoto. Abin da ya dame ni shi ne, an daɗe ana zana mutanen wannan yanki, don haraji, don iyaka, don zaɓe, don rigakafi, amma ba kasafai ake miƙa musu zanen a hannu a ce su karanta, su gyara, ko su zana nasu ba. Duk lokacin da aka yi hakan kuwa, tarihi ya nuna zanen ya fi gaskiya kuma ya fi amfani.

Zane ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, a nan Birnin Kudu, akwai hotunan shanu da mutanen dā suka zana a ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniyar masana a tsakiyar shekarun 1950, tare da duwatsun nan masu amo idan an buga su. Yau suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ke karewa. Ba taswira ba ce, ba jadawali ba ne, kada a ɗora musu abin da ba nasu ba. Amma mai zanen ya kula da siffar dabba ƙwarai, har ana iya gane cewa yawancin shanun ba su da tozo, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere. Shanun da ke kiwo a gindin duwatsun a yau masu tozo ne. Ke nan hoton ya adana labarin da ba wanda ya rubuta: garken da ya rigayi wannan garke a ƙasar nan wani iri ne dabam. Mai lura ne ya yi zanen, kuma lura ita ce rabin sana'ar.

Taswirar Bahaushe ta asali a ka take, a baki take fita. Madugu ya san hanyar Gwanja zango-zango: daga nan zuwa can kwana kaza, ga rijiya, ga mashigin kogi, ga garin da ake biyan fito, ga dajin da ba a kwana. Alhazan ƙasa sun san hanyar gabas haka nan, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. In an so a nuna wa baƙo, sai a share ƙasa da tafin hannu a ja layi da yatsa, a ajiye tsakuwa a matsayin gari. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya cika littattafansa da irin waɗannan jerin zangogi da ya karɓa daga bakin fatake da alhazai. Da su da abin da ya auna da kansa ne August Petermann ya zana taswirorin da Turai ta daɗe tana dogara da su. Sunan Barth da na Petermann suna kan takardun, fataken da suka taka hanyoyin kuwa sai jefi-jefi ake samun sunan wani a cikinsu.

Labarin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A watan Maris na 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, babban abin da ke ransa kuwa shi ne inda kogin Kwara yake ƙarewa, tambayar da ta cinye rayukan Turawa da dama, har da Mungo Park. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya zana masa hanyar kogin a kan yashi, ya nuna masa cewa teku yake shiga ta kudu. Amma taswirar takarda da aka ba shi daga fada, wadda aka buga a Landan a 1826 cikin littafin tafiyarsa da Dixon Denham, ta nuna kogin ya karkata gabas ya nufi Nilu na Masar. Garuruwa da'irori ne, hanyoyi layuka ne, rubutun Larabci ne, Sakkwato kuma ta fito sosai a matsayin cibiya. Mutum ɗaya, kogi ɗaya, zane biyu masu saɓani.

Bello ba jahilin ƙasa ba ne. Shi ne ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, littafin da ya buɗe da bayanin ƙasashen Sudan ɗaya bayan ɗaya. Masana da yawa suna ganin da gangan aka karkatar da kogin a takarda, domin a fada an san abin da Ingilishi suka yi a Indiya, kuma an fahimci cewa kogin da ya shiga teku ƙofa ce ga jiragen ruwa. Ni ma wannan fassarar na fi karkata gare ta. Yashi iska ke share shi, takarda kuwa tafiya take har gaban sarkin wata ƙasa. Clapperton ya koma Sakkwato ya rasu a can a 1827, yaronsa Richard Lander da ƙaninsa John suka bi kogin har bakin teku a 1830, kuma ta wannan ƙofar ce kamfanonin Ingila suka shigo daga baya. Duk wanda zai karanta taswira, ko ta yau ce, ya dace ya riƙe wannan labari: zane yana da mai shi, mai shi kuma yana da abin da yake so a gani da abin da yake so a rufe.

Ta gefen jadawali kuwa, zaurukan malamai sun daɗe da shi. Rabon gado aiki ne na gurabe da layuka, asalin mas'ala a sama, magada a jere, rabon kowa a gabansa. Lissafin taurari ma haka: manazili 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, sun haɗa kwana 365, kuma da su malamin ƙauye yake gaya wa manomi inda damina ta kai. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta a 1732 yadda ake tsara murabba'in lambobi wanda kowane layi nasa, a tsaye da a kwance da a karkace, yake ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi har yau suna ambatonsa. Tun kafin duk wannan, a 1154, al-Idirisi ya kammala wa Sarki Roger na Biyu taswirar duniya a Sisili, ya sa kudu a sama. Wanda ya saba da taswirar bangon aji sai ya juya takardar kafin ya gane inda yake. Babu wata doka a halitta da ta ce arewa ce sama, al'ada ce kawai ta masu zane.

Zuwan Turawa ya canza aikin taswira daga nuna hanya zuwa yanka ƙasa. A yarjejeniyar 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. A ta 1898 suka yi abin da ya fi wannan ban mamaki: aka kafa ƙafar kamfas a kan birnin Sakkwato, aka zagaya baka mai nisan mil 100, aka ce wannan ce iyaka. Faransawa suka tarar bakan ya tura su cikin hamada inda babu rijiyoyin da ayari zai bi daga Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, sannan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi. Layin da ya raba Katsina da Maraɗi, wanda mutanen Jigawa ke tsallakawa a Maigatari, daga nan ya fito. Rijiyoyi ne suka tilasta aka gyara shi, ba a tambayi masu shan ruwan rijiyoyin ba.

A cikin gida kuma, bayan cin Kano a 1903, aka yanka masarauta gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a ƙasashensu. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin gundumomin Kano a lokacin, kafin a ƙirƙiri Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991. 'Yan shekaru bayan cin Kano aka kawo kuɗin taki, musamman a gundumomin da ke kewaye da birnin Kano: malaman taki su taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, a rubuta, a yanka haraji gwargwadon girmanta, daga baya safiyo da sarƙar awo suka karɓi aikin. Ga kuma jangali, ƙidayar shanu don karɓar kuɗi. Wannan tarihi bai kamata a manta da shi ba idan ana zargin mutanen karkara da ƙin ƙidaya. Tsawon zamani, mutum mai takarda da alƙalami da ya tsaya a bakin gonarka ko rugarka yana ƙirga abu, ƙarshen maganarsa biya ne. Wanda ya ɓoye 'yan maruƙansa a kwari a wancan lokaci lissafi ya yi, kuma jikokinsa sun gaji lissafin.

A can Turai, a daidai waɗannan ƙarnuka, wani reshen sana'ar yana girma. William Playfair, ɗan Sikotland, shi ya fito da zanen layi da zanen sanduna na ciniki a 1786, ya ƙara da'irar da ake yankawa kashi-kashi a 1801. Florence Nightingale ta dawo daga yaƙin Kirimiya ta zana a 1858 wata da'ira mai yanka goma sha biyu, wata-wata, shuɗi na sojojin da cututtukan ƙazanta suka kashe, ja na waɗanda rauni ya kashe. Shuɗin ya rinjayi jan nesa ba kusa ba, kuma manyan da ba za su karanta rahoto mai ɗaruruwan shafuka ba suka ga maganar da idonsu. Charles Minard a Faransa ya zana a 1869 tafiyar rundunar Napoleon zuwa Rasha a 1812: kaurin layin shi ne yawan sojoji, ya tashi da 422,000, ya dawo siriri da kimanin 10,000, a ƙasansa kuma ga ma'aunin sanyin da suka sha a hanyar dawowa. Wuri, lokaci, yawa, alƙibla da yanayi duk a takarda ɗaya, ba tare da cunkoso ba.

Wanda ya fi kusa da damuwarmu shi ne likita John Snow. A 1854 amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan ta kashe mutum fiye da 600. Snow ya ɗauki taswirar unguwar, ya ja ɗan baƙin layi a kan kowane gida ga kowane mamaci, layukan suka taru suka yi tsibi a kewayen famfon Broad Street. Ana yawan ba da labarin kamar taswirar ce ta yi komai, alhali an cire hannun famfon tun a watan Satumba, kafin a buga ta. Aikin ƙafa ne ya ba ta ƙarfi. An shiga gida-gida an tambaya, aka gano wata masana'anta da ke kusa da famfon ma'aikatanta ba su kamu ba saboda ba ruwansa suke sha ba, aka gano wata tsohuwa da ke zaune nesa da unguwar ta mutu saboda ana kai mata ruwan famfon don tana son ɗanɗanonsa. Limamin cocin unguwar, Henry Whitehead, wanda ya san kowa da sunansa, da farko bai yarda da Snow ba, amma bincikensa ne ya kai ga gidan da cutar ta fara. A 2021 wannan cuta ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Abin da Snow ya yi ba ya buƙatar kwamfuta. Takarda ce, da biro, da mai unguwa wanda ya san rijiyar da kowane gida ke ɗiba.

In an tambaye ni zanen alƙaluma mafi kyau da ya taɓa shiga gidajen ƙasar nan, katin awon yara zan nuna. A Najeriya aka ƙirƙiro shi. Likita David Morley ne ya tsara shi a ƙauyen Imesi-Ile da ke ƙasar Yarbawa, daga ƙarshen shekarun 1950, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa irinsa ko'ina. Watanni a kwance, nauyi a tsaye, ɗigo ɗaya a kowane awo, a haɗa ɗigon da ɗigo. Hikimar Morley biyu ce. Ta farko, ya ce a dubi inda layin ya nufa, hawa yake ko ya miƙe ko ya fara gangara, wannan ya fi lambar kanta muhimmanci. Ta biyu, ya ce uwa ce za ta riƙe katin a ɗakinta, ba za a kulle shi a kabad ɗin asibiti ba. Abin takaici, sau da yawa za ka buɗe kati ka ga an cike gurbin allurai tsaf, amma filin zanen fari fat, ko an rubuta nauyin a gefe ba a ɗiga shi ba. Ma'aikaciya ɗaya ce da layin mata har waje, ba ta da minti biyun da za ta ce, "Maman yaro, duba nan, wata biyu ke nan layinsa bai hau ba, me yake ci?" Wannan minti biyun kuwa shi ne dalilin yin katin.

Ƙanin katin shi ne ɗan zaren awon damtse na gano tamowa ga yara daga wata 6 zuwa 59. A zagaya shi a tsakiyar damtsen yaro, a zura bakinsa ta 'yar tagar da ke jiki, a duba launin da ya fito. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya, abin da ya haura kore. Babu buƙatar iya karatu, boko ko ajami. A ƙasar Mirya kusa da Damagaram, ƙungiyar ALIMA da abokan aikinta na Nijar suka koya wa iyaye mata yin awon da kansu, sakamakon da aka buga a 2015 da 2016 kuma ya nuna cewa awon uwaye bai gaza na ma'aikatan unguwa ba, har ma ana kawo yaran da wuri kafin ciwon ya yi nisa. Matan Hausawa ne irin na Kangire da Gwaram, da zarar an ba su ma'aunin a hannu sai suka iya.

Yaƙi da shan inna shi ne ya kawo wa Jigawa taswirar zamani mafi zurfi. Kafin 2012, kowace mazaɓa da hannu ake zana taswirarta: hanya, masallaci, makaranta, sunayen unguwanni. Tana da amfani, amma ba ta da ma'aunin nisa, kuma abin da mai zane bai sani ba ba ya fitowa. 'Yan gidaje uku a bayan fadama, ko ruga a kan iyakar mazaɓu biyu, sai kowane ɓangare ya ɗauka na ɗaya ɓangaren ne, a yi zagaye bayan zagaye ba wanda ya taka wurin. Daga 2012 aka fara amfani da hoton tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, ciki har da Kano da Jigawa, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, da aikin ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano. Aka bi hoton ana ware kowane rukunin rufin gidaje, manya da ƙanana. Amma hoto ba ya faɗin suna. Dole aka tura mutane da na'ura su je wurin, su tambayi dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo: nan me ake ce masa, ƙarƙashin wa yake? Sai da sanin sama ya haɗu da sanin ƙasa sannan aka sami taswirar da za a yi aiki da ita.

Daga nan aka ba ayarin masu ɗigo wayoyi masu ajiye sawunsu, da yamma a sauke a kwamfuta, a ga unguwar da aka taka da wadda ba a taka ba, washegari a koma. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Najeriya a Barno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da shi. Ba taswira kaɗai ta yi wannan ba. Bayan ƙaurace wa ɗigon da aka yi daga 2003 zuwa 2004, sarakuna da malamai da matan da ke shiga ɗaki-ɗaki ne suka dawo da amana. Sannan sawun waya yana nuna cewa an bi ta ƙofar gida ne kawai, ba ya nuna cewa ɗigo ya shiga bakin yaro. Duk da haka, ƙananan ƙauyuka da ba su taɓa fitowa a takardar hukuma ba sun fito, kuma shirin taswira na GRID3 ya gaji bayanan yana faɗaɗa su. Tambayar da nake yi ita ce, taswirar mazaɓar Kangire da aka zana da taimakon masu unguwanninta, me zai hana a buga ta babba a manna a zauren dagaci da bangon firamare, da sunayen wurare yadda masu wurin ke faɗinsu?

Zane yana yaudara ko da mai yinsa bai yi niyya ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, ta ce kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, suna ciki, Jigawa kuma na sahun gaba. A taswirar irin wannan rahoto jiha guda launi guda ake shafa mata. Kamar mai awo ne ya damƙi hatsin bakin buhu ya yanke wa buhun duka hukunci: Dutse da Haɗeja da ƙauyen da ba ya shiguwa da damina duk sun zama abu ɗaya, ƙananan hukumomi 27 sun narke. Taswirar zaɓe ma haka take, jam'iyyar da ta ci da 'yar rata sai ta shafe jihar duka da launinta, kuma ƙasa mai faɗi da mutane kaɗan ta fi birni mai cunkoso cika ido. Masu yaɗa zane a WhatsApp da Facebook kuma suna da tasu dabarar: a fara sanduna daga 90 maimakon sifili, sai bambancin 92 da 96 ya zama kamar ninki uku. Ko taswirar duniya ta bangon aji, wadda ta samo asali daga ta Mercator ta 1569 da aka yi don matuƙa jirgin ruwa, tana nuna Girinland kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. A Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a daina amfani da ita a makarantu da hukumomi.

Yaudarar da ta fi yi mana illa a ɓoye take, a cikin lambar da ake rabawa da ita. A bangon ƙananan asibitoci akwai jadawalin rigakafi: layi a karkace na yaran da ake sa ran yi wa allura a shekara, da wani layin na waɗanda aka yi wa, wata-wata. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Sai dai adadin da ake sa ran ɗin daga ƙidayar 2006 ake ciro shi, lokacin da aka ce ƙaramar hukumar Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, a yi ta ƙara masa kaso kowace shekara, sannan a ɗauki kashi 4 cikin ɗari a ce su ne jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Ba a sake ƙidaya ba tun lokacin, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Shi ya sa ake samun asibitin da jadawalinsa ya wuce kashi ɗari cikin ɗari alhali akwai yara a bayan gari da allura ba ta taɓa su ba. Binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 ya tarar kashi 33 ne kawai na yaran Najeriya suka sami allurar rigakafi ta Penta karo na uku, a Jigawa kuwa bai kai kashi 10 ba, a daidai lokacin da rahotannin ofis ke nuna adadi mai daɗin ji. Wannan giɓin ne ya sa aka ayyana dokar ta-ɓaci kan rigakafi a 2017.

Akwai abubuwa biyu da rayuwar kudancin Jigawa ta rataya a kansu waɗanda har yanzu zanensu bai iso hannun jama'a yadda ya kamata ba. Na farko ruwa. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassarar Hausa, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya. Amma a ce Gwaram na cikin hatsari bai gaya wa mai gona a bakin kogin Bunga komai sabo ba. Abin da yake buƙata shi ne inda ruwa ya tsaya bara da bara waccan, wace kwalbati ce ke toshewa, wace hanya ce ke yankewa, ina tudun da za a kai mata da yara da hatsi. A Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A kowace taswira, ta takarda da ta waya, hanyar tana nan a miƙe a ranar. Dattawan kowane ƙauye sun san mashigan da ke cin mutane, kuma ɗalibai 'yan sakandare da malamin labarin ƙasa ɗaya sun isa su zauna da su su sa wannan sani a takarda kafin ruwan Yuli.

Na biyu burtali. Tun dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ake maganar keɓe makiyaya da hanyoyin shanu, Jigawa kuma tana da hukuma ta musamman ta sasanta manoma da makiyaya. Amma gona tana da kunya da iyaka da shaidu, wani lokaci har da takardar safiyo, burtali kuwa yawanci a ƙwaƙwalwar dattawa yake. Kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi, har hanyar da garke ke bi ta koma ta mutum ɗaya, ranar da saniya ta sa baki a dawar wani kuma a rasa abin da za a shimfiɗa a gaban hakimi. Hotunan sama da aka ɗauka a shekarun 1950 da 1960, irin waɗanda Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar Kano da su, suna nuna tsofaffin burtalai da shingensu ƙarara, kuma ana iya ɗora su a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau a ga inda aka ci. Wannan zanen sai an yi shi sau biyu, da damina da rani, domin hanyar garke tana canzawa da ruwa, kuma sai arɗo da sarkin noma duka sun taka layin da ƙafarsu sun yarda da faɗinsa kafin a kafa ko da turke ɗaya.